Akurki, kwanon abinci da mashayar kaji

(Jawabin malamin kiwo ga taron mata masu kiwon kajin gida)



Bari in fara da tambaya. Kaza ta kwanta kwana 21, ta ƙyanƙyashe ƴan tsaki goma. Bayan wata biyu, nawa kuke gani suna bin ta? Kun yi dariya, don kun san amsa. Wasu shirwa ta ɗauke, wasu sun faɗa cikin kwatarnin ruwa, wasu kuma sai a tashi da sahe a iske su sandare. Kuma kazar nan ita ce asusunku: ita kuke kaiwa kasuwa in yaro ya yi zazzaɓi ko in an buƙaci kayan lakkol. Wannan asara ba ciwo kawai ba ne, har da rashin wurin kwana da rashin ruwa mai tsabta.

Mu fara da akurki. Wanda munka saba gani cikin ƙauyukanmu shi ne ɗan ƙaramin ginin laka mai rami guda, a toshe shi da dutse da dare. Yana tsare muzuru da tunku, gaskiya ne. Amma iska ba ta shiga, hannu ba ya kaiwa ciki balle tsintsiya. Na taɓa sa kaina bakin wani, warin kashi ya sa idona hawaye. Abin da ya yi mini cikin minti guda, kaza tana shaƙar shi dare duka. Daga nan mura ke farawa.

Ga yadda ya kamata. Ku zaɓi wuri mai tudu, inda ruwan damana ba ya kwanciya, in da hali ƙarƙashin inuwar bedi. Kowane metir guda tsawo, metir guda faɗi, na kaji 4 ne, kada a wuce. Mai kaji goma sha biyu ke nan tana son metir 2 bisa metir 1 da rabi. Tsawon bango ya isa mutum ya shiga, ko a duƙe ne, ya yi shara. Hadari daga gabas yake taso mana, iskar hunturu ma daga gabas maso arewa, saboda haka ƙofa ta dubi kudu. A bar tagogi can sama, a ɗaure su da waya ko a saƙa ƙirare sosai yadda maciji ba zai samu hanya ba. Ruhin shibci ya hi na kwano sanyi. Wadda ta sa kwano, ta shimhiɗa kara bisanshi, in ba haka ba zahin Afrilu zai dafa mata kaji.

Sai yaɓe, kuma nan nike son ku saurara da kyau. Akwai kaskar kaji da ba a ganin ta da rana. Cikin tsagar bango take ɓoyewa, da dare ta hito ta sha jini ta koma. Kaza ta rame, ta daina ƙwai, ku ce maye ne ko baki. In kunka ga kajinku sun ƙi shiga akurki sun koma bisa icce, ku ɗauki hitila da dare ku haska bango. A yaɓe ciki sumul, a shafa farar ƙasa, duk tsagar da ta buɗe a toshe ta. A gicciya sanda mai santsi, sama da ƙasa kamar rabin metir, kowace kaza ta samu wurin taƙi guda. Ƙasa a zuba rairayi da toka, a kwashe kowane mako. Kashin nan taki ne mai ƙarhi, ya ruɓe tukuna kamin a kai shi garka.

Wurin ƙwai ba wuya: tsohuwar tukunya da aka kwantar, ko fasasshen tulu, a lungu mai duhu, da ɗan toka ƙarƙashin ciyawa.

Uwa da ƴan tsaki kuwa, a kihe su da babban kwando da aka saƙa da kara ko kaba, a riƙa matsar da shi cikin inuwa, har mako 4 zuwa 6. Wasu za su ce, to mi za su ci? Ɓarzajjen hatsi ko dawa, da dussa, da ɗan garin ƙuliƙuli. Ga kuma gara, ita ce namansu. Ku cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, ku yayyafa ruwa, ku kihe ta kusa da suri da marece. In gara ta shiga, da sassahe a juye musu.

Watsa hatsi ƙasa ɓarna ce. Rabi akuya da tsuntsaye ke ci, saura ya gauraya da kashi, ƙwan tsutsar ciki ya koma cikin kaza. Ku samu tsohuwar jarka, a tsaga ta biyu a tsaye, a wanke sosai. Amma ban da jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari na gona, ko an wanke ta sau goma. A gicciya sanda bisa don kada su hau su tona, a ɗora bisa tubali bakin ya zo daidai bayan kaza. Kada a cika, rabi ya isa. Dussar da aka jiƙa ba ta kwana. In ta yi tsami ko hunhuna, zubarwa ake yi.

Ruwa shi munka hi sakaci da shi. Muna barin kaza ta sha a bakin rijiya ko magudanar wanka. Kaza guda tana shan wajen kwatan litir a wuni, da bazara ya kan kusa rabi. Kaji goma ke nan litir 5 in rana ta yi zahi. Ga dabara: babban gwangwanin tumatir, a huda shi da ƙusa wuri biyu, yatsa guda daga baki. A cika da ruwa, a ruhe da faranti mai ɗan zurhi, a juya da sauri. Ruwa zai riƙa hitowa kaɗan kaɗan, ba ya wuce hujin. Ɗan tsako ya sha, bai jiƙa ba, bai nutse ba. In kasko kuke da shi, shi ma ya yi, har ya hi sanyaya ruwa, sai dai a zuba tsakuwa ciki saboda ƙanana. A aje cikin inuwa, a wanke kullum da toka.

Kazar da kunka saye kasuwa, ko ta kyauta, a ware ta mako 2 kamin ta shiga cikin sauran. Agwagwa ma ba ta kwana ɗaki guda da kaji, don tana iya ɗaukar ciwo ba ta nuna ba. Manyan cikinku sun tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla Magariya a 2006. In kaji sunka fara mutuwa da yawa lokaci guda, kada a ci, kada a saida, a gaya wa sarwis ɗin kiwo.

Annobar nan ta Niyukasal da ke share kaji lokacin ɗari ba ta da magani in ta kama, rigakahi kawai gare ta, kuma kamin sanyi ya shigo ake yin shi. Sau da yawa mukan zo da magani mu iske kaji sun watse cikin gari, yara na bin su da gudu, rabi ba a kama ba. Ranar da mai gari ya sanar da ku za mu zo, ku bar su ruhe cikin akurki tun daren jajibiri, ku sa musu ruwa, har mu iso.

To, wadda ke da tambaya ta ɗaga hannu.