Ciwon Sukari: Magani Na Nan, Kuɗinsa Ne Babu



Za mu fara ne daga birnin Toronto na ƙasar Kanada. Kafin shekarar 1921, yaron da ciwon sukari ya kama, ba abin da likita zai yi masa illa ya rage masa abinci har ya koma ƙashi da rai, kuma duk da haka ba ya daɗewa. A shekarar nan ce likita Frederick Banting da mataimakinsa Charles Best, wanda a lokacin ɗalibi ne kamarmu, suka tsamo sinadarin insulin, watau abin da ke buɗe wa sukarin da ke cikin jini hanya ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurarsa, ya ƙara shekara 13 a duniya. Abin da muke so ku riƙe shi ne, a 1923 Banting da Best da abokin aikinsu James Collip suka sallama wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakar maganin a kan dala ɗaya kowannensu, don kada kuɗi ya shiga tsakaninsa da majinyaci.

To, yau shekara ɗari da 'yan kai ke nan, kuɗin kuwa ya shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, fiye da rabin manyan cikinsu kuma ba sa kan magani. Ciwon nau'i biyu ne manya. Na biyun, wanda ya fi yawa, ana iya lallaɓa shi da ƙwaya da kula da abinci da motsa jiki. Na farkon kuwa, wanda ya fi bayyana ga yara da matasa, ba ya jin lallashi: allura ce kullum, har iyakar rai. Ga kuɗin maganin, ga na sirinji, ga na tsinken gwajin jini. Uban da aljihunsa ya gaza sai ya riƙa ja wa ɗansa kwalbar wata ɗaya ta kai wata biyu, alhali kuwa ƙarshen wannan tattali shi ne suma, ko makanta, ko lalacewar ƙoda, ko gyambon da sai an yanke ƙafa. Wani ma ba a kai shi asibiti ba. Da aka ga yana ramewa, yana yawan fitsari da ƙishirwa, sai aka ce sammu ne.

Akwai masu ƙoƙari. Shirin Life for a Child, wanda aka fara a shekarar 2000, yana kai wa yara insulin da kayan gwaji kyauta a ƙasashe masu yawa, da gudummawar mutanen da ba su taɓa ganin yaran ba. Insulin ba ya son zafi, amma inda babu lantarki an ga randar ƙasa da jiƙaƙƙen yashi suna sanyaya shi; wannan kam ba sai Bature ya koya mana ba.

Mun san aljihun ɗalibi, ba za mu roƙi abin da babu ba. Abin da muke nema shi ne ƙungiya ta buɗe asusu, kowa ya riƙa jefa kuɗin kwano ɗaya na abinci a wata, a riƙa saya wa yaran da ke zuwa asibitin koyarwa magani, a kuma karanta lissafin a bainar jama'a. 'Yan'uwanmu na sashen likitanci su fito ran 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting wadda duniya ta keɓe wa wannan ciwo, su gwada jinin leburori da masu gadi da masu sayar mana da abinci. Takardar sa hannu tana bakin ƙofa, ma'aji kuma yana zaune kusa da ita.