Fatar Tsufa Da Zaman Kurmi



Maganarmu ta yau a kan fata ce, musamman ga mu da muka ba hamsin baya. Idan shekaru suka ja, fata takan yi sirara, maiƙonta ya ragu, ciwo kuma ya daɗe bai warke ba. Ƙurjin da yaro zai manta da shi cikin kwana uku, sai ya kwantar da dattijo wata guda.

To jama'a, nan Ibadan ba Kano ba ce. Can gida hunturu ke tsaga ƙafa ya sa kaushi. Nan kuwa laima da gumi su ne abokan gabarmu. Mu wuni a Bodija ko a kara cikin rana, riga ta jiƙe ta bushe a jiki, daga nan sai ƙyasbi da ƙaiƙayin matsematsi. Maganin farko shi ne tufafin auduga da sauya su kullum. Wanka kuma da ruwa mai ɗumi kaɗan, ban da dirza da soso mai kaushi. A shafa man kaɗanya tun jiki bai gama bushewa ba. Ai shi kakanninmu suka sani, ga araha.

Na biyu, ƙafa. Sau biyar muke alwala a rana, amma mu nawa ne ke goge tsakanin yatsu? Ruwan da ya kwanta nan shi ke sa wurin ya yi fari ya tsage. Ga mai ciwon suga abin ya wuce wasa, domin jijiyoyin ƙafarsa kan mutu, ƙusa ta soke shi bai ji ba, har ta kai ga yanke ƙafa. Don haka ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, kada kuma ya yi yawo babu takalmi.

Na uku, man bilicin, kuma a nan da mu masu shago ake. Wasu mayukan na ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, wasu kuma da maganin da ke ƙara sirantar da fata har ta yi nankarwa. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta hana sayar da mai makuri. Hajiyoyinmu, tamoji ba cuta ba ne. Mu kuma kada mu ci riba da lafiyar matanmu.

A ƙarshe, duk gyambon da ya kai mako biyu bai kama hanyar warkewa ba, ko tabon da ke girma yana zubar da jini, a bar shafe-shafen tasha, a nufi asibiti. Ga UCH nan kusa da mu.

Allah ya ba mu tsufa mai albarka.