Nauyin da ke kan Jami'an Ƙananan Hukumomi wajen Kare Hanyoyin Ruwa: Misali daga Birnin Kano



Gabatarwa

A shekarar 2012 ambaliya ta yi ajalin mutum 363 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan biyu da muhallinsu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, shekara 30 bayan makamanciyarta ta 1994. A ƙarshen watan Mayu 2025 garin Mokwa na Jihar Neja ya wayi gari cikin makoki. Duk lokacin da haka ta faru, hankalinmu kan koma kan hukumar NEMA da motocin agaji, da buhunan shinkafa da tabarmi da barguna. Wannan takarda ta waiwayi mutanen da aikinsu ke zuwa kafin nan: injiniyan sashen ayyuka, da duba-gari, da jami'in filaye, da mai unguwa. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, yawancin ambaliyar cikin gari da rani ake hana ta, ranar da mai fili ya kira leburori su fara haƙa fandisho.

Abin da doka ta tanada

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma ginawa da kula da tituna da magudanan ruwa, da kwashe shara da ƙazanta, da kula da kasuwanni da tashoshin mota. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, amma ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka a yankunan karkara, inda fadamu da bakin koguna suka fi yawa. Dokar tsara birane ta 1992 ta shimfiɗa matakan hana ginin da ya saɓa ƙa'ida: takardar gargaɗi, da umarnin dakatar da aiki, sannan rusau in an ƙi ji. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, kuma a Kano hukumar jiha ta KNUPDA ce ke ba da izinin gini, REMASAB kuma ke riƙe da shara.

To amma cikin birnin Kano kaɗai akwai ƙananan hukumomi takwas, kuma gari kullum faɗaɗa yake yi ta Ungogo da Kumbotso. Hukumar jiha ba ta da idon da zai ga kowane lungu. Wanda ke wucewa ta layin safe da yamma shi zai fara ganin an jibge yashi da bulo a bakin kwari.

Ayyuka huɗu

Na farko, sanin hanyar ruwa. Jami'in da bai san inda ruwan unguwarsa ke bi ba, ba shi da abin da zai kare. Ruwan tsohon birni ta Kwarin Gogau da Jakara yake fita, kuma a da kududdufai ne ke fara tare shi su rage masa ƙarfi. Waɗannan kududdufai, da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, an cike da yawa daga cikinsu da bola an yanka su filaye. Ruwan da suke shanyewa yanzu tsakar gidaje yake kwana. Sanin nan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Bayan ruwa mai ƙarfi, jami'i ya zaga da tef ɗin awo, ya dubi layin laka da ruwa ya bari a jikin katanga, ya auna tsayinsa, ya rubuta. Ya zauna da dattawan unguwa su nuna masa inda ruwa ya taɓa kaiwa. Damina uku ta ishe shi ya haɗa taswirar da zai dogara da ita.

Na biyu, tsayar da gini tun yana rami. Nan ne zuciyar aikin. Mutumin da aka tsayar yana haƙa fandisho, asararsa kuɗin leburori ne na yini ɗaya. Wanda aka bari har ya yi rufi ya tare da iyalinsa, rushe masa gida ya zama raba shi da abin da ya tara tsawon rayuwarsa, kuma jama'a za su tsaya masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A filayen awon igiya, inda dillali da mai gona ke yanka fili ba tare da barin lambatu ba, sa hannun mai unguwa a takardar ciniki shi ne shingen farko. In ya ce ba zai sa hannu a kan hanyar ruwa ba, cinikin ya tsaya.

Na uku, yashe magudanai kafin ruwan farko. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin kwalbati a watan Afrilu ya san abin da ke ciki: ledar fiya-wata, da robobin lemo, da tsummokara, da yashi da ya daskare har ciyawa ta fito a kansa. Sau da yawa matasa kan yi aikin gayya su fito da wannan datti, su tara shi a bakin lambatu, ba motar da za ta kwashe, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Aikin jami'i ne ya haɗa ranar yasa da ranar mota. Haka kuma mai shagon da ya zuba kankare ya rufe lambatun ƙofarsa ruf, dole a sa shi ya bar murfin da za a iya ɗagawa. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun ga illar toshewar hanyar ruwa a daminar 2022, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfofi da shaddoji.

Na huɗu, isar da gargaɗi. Kowace shekara NiMet na fitar da hasashen damina, NIHSA kuma na lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Wannan bayani bai yi amfani ba sai ya isa masallacin Juma'a da majami'a da bakin mai shela, cikin harshen da mutane ke ji, tare da sunan makarantar da za a fake a cikinta. Garuruwan da ke ƙasan madatsun Tiga da Challawa, har zuwa Haɗeja, sun fi kowa buƙatar wannan.

Abin da ke hana ruwa gudu

Matsala ta farko ita ce alfarma. Jami'i ya shafa jan fentin gargaɗi a katangar talaka da ta mai hali, sai waya ta zo daga sama, a rushe ta talaka a bar ɗayar. Daga ranar babu wanda zai ƙara ganin girman jan fentin. Ta biyu, neman kuɗin shiga kan sa ita kanta hukuma ta gina shaguna a kan magudana. Ta uku, rashin kayan aiki: duba-gari ba babur, injiniya ba taswira. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yuli 2024 kan bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ya buɗe ƙofar gyara wannan, in an aiwatar da shi.

Shawarwari

Kowace ƙaramar hukuma ta yi rajistar hanyoyin ruwa da kududdufanta, a kafe ta a sakatariya da ƙofar gidan hakimi, don mai sayen fili ya duba kafin ya biya. A ba jami'in ƙaramar hukuma ikon rubuta umarnin dakatar da aiki na wucin gadi, kafin hukumar jiha ta iso. A haramta cike sauran kududdufai, a kewaye su saboda yara. A ware kuɗin yasa a kasafin shekara, a kashe su tsakanin Maris da Mayu. Duk umarnin janye gargaɗi ya kasance a rubuce, da sunan wanda ya bayar. Wanda ya daɗe zaune a hanyar ruwa da takardar hukuma a hannunsa, a ba shi wani fili da diyya kafin a tashe shi.

Kammalawa

Ruwan sama daga Allah yake, amma inda muka bar masa ya bi, mu za a tambaya. Addini ya hana mutum juya indararonsa cikin gidan maƙwabci, balle toshe hanyar da unguwa guda ta dogara da ita. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomi, kowa ya tara injiniyansa da duba-garinsa da masu unguwanninsa, su zaga magudanansu da ƙafa kafin damina mai zuwa, kuma ya tsaya wa jami'in da ya hana gini a hanyar ruwa ko ginin na wane ne.