Kusurwar da ke Ɓoye, da Tushenta a Ajin Firamare



Batun da muka ɗauko yau darasi ne na sakandare, amma saiwarsa a hannunmu take, mu malaman firamare. Shi ne yadda ake gano girman kusurwa a alwatika mai kusurwar digiri 90, ba tare da an aza mata ma'auni ba.

Kusurwoyi ukun kowace alwatika, idan aka tara su, digiri 180 ne. Tunda guda ta ɗauke 90, sauran biyun 90 za su raba, kuma tsawon gefuna ne ke faɗin rabon kowace. Idan aka raba tsawon gefen da ke fuskantar kusurwa da na gefe mafi tsawo, abin da ya fito shi ne sain. Idan ɗaya gefen, wanda ke manne da kusurwar, aka raba da mafi tsawon, kosain ke nan. Mai fuskanta kuwa, in aka raba shi da na manne, ya ba da tanjan. Kowace kusurwa da tata lambar, saboda haka wanda ya sami lambar sai ya duba teburin lissafi ko kwakuleta ya karanto kusurwar.

Mu ɗauki tsani. Gindinsa yana nesa da bango da mita 1, kansa ya taɓa bangon a tsayin mita 4. Tanjan ɗin kusurwar da ya yi da ƙasa 4 ne, wato kusan digiri 76, kuma irin wannan jinginar ce masana kariyar ma'aikata ke so. In ya kwanta fiye da haka gindinsa na iya zamewa, in ya miƙe fiye da haka ya kifar da mai hawa ta baya. Haka magina ke daidaita kusurwar ɗaki da igiya mai awo 3, 4 da 5. A raba 3 da 5, a sami 0.6, sain ɗin kusan digiri 37. Abokiyarta kuwa 53.

A duba da kyau, duk aikin nan awo ne da rabawa. Yaron da ya bar hannunmu bai iya mayar da 3 bisa 5 zuwa 0.6 ba, hadda zai yi a sakandare, ranar jarrabawar WAEC ko NECO kuma haddar ta gudu ta bar shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maganin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Mu kafa sanda mai mita 1 a filin makaranta, yara su auna inuwarta da hantsi da kuma tsakar rana, su raba, su rubuta. Lokacin da inuwar ta yi daidai da sandar, rana tana kan digiri 45. Da irin wannan lura ne masanin taurari Al-Battani, wanda ya rasu a 929, ya tsara teburinsa na inuwa.

Roƙonmu ga reshe shi ne ya shirya mana bita kan koyar da awo da rabawa, ya kuma nema wa kowane aji tef ɗin awo. Ku kuma iyaye, ku bar yara su auna ƙofa da katanga a gida, ku tambaye su abin da suka samu.