AMSOSHIN WASIƘUNKU: Me Ya Sa Yaɓen Siminti Ke Faɗowa Daga Ginin Ƙasa?

A wannan mako mun zaro wasiƙu biyu ne daga jaka, domin dukansu maganar gyaran gida suke yi, ga shi kuwa bazara ta ƙarato.

Ta farko ta fito daga hannun wani manomi a karkarar Funtuwa, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce bara da kaka ya sayar da masararsa ya sayi siminti, shi da 'ya'yansa suka yi wa ɗakunansu na ƙasa yaɓe ciki da waje. Kafin damina ta fita, yaɓen bangon gabas ya ɓanɓaro ya faɗo faifai guda, saura kaɗan ya danne masa akuya, bangon da ke ciki kuma ya tarar ya yi laushi kamar tuwo. Yana tambaya, shin simintin banza aka sayar masa, ko kuwa hannunsu ne bai iya ba? Kuma waɗanne kayan aiki ya kamata ya saya, don bana ba shi da kuɗin ɗaukar magini.

To Malam, sannu da asara, Allah ya mayar da alheri. Amma kada ka yi saurin zuwa rigima da mai shago. Abin da ya same ka ya sami mutane da yawa, har waɗanda suka biya magini kuɗi mai tsoka. Dalili kuwa shi ne ƙasa da siminti halinsu ba ɗaya ba ne. Bangon ƙasa yana kumbura kaɗan in ya sha danshi, yana tsukewa in ya bushe, haka yake yi kowace shekara ba tare da ido ya gani ba. Shi kuwa siminti in ya kama ya kama, ba ya bin bango. Da tafiya ta yi tafiya sai su rabu, yaɓen ya yi 'yar tsaga siririya kamar gashi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to haka ruwa ma. Ruwan ya shiga ta tsagar, ya kwanta tsakanin yaɓe da bango, rana ta fito amma simintin ya hana shi fita. Kai da ka yaɓe ciki da waje, ka toshe masa hanya ta ko'ina ke nan. Daga waje gida na sheƙi, daga ciki bango na narkewa. Bangon gabas ya riga sauran ne saboda a ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, shi ne ke shan dukan ruwa da iska.

Abin tsoro a nan ya wuce asarar masara. Bangon da ya jiƙe a ɓoye shi ne ke rushewa cikin dare a watan Agusta, mutane na barci. Saboda haka tun yau ka bi sauran bangayen kana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Inda ka ji ƙara ƙwal-ƙwal kamar ƙwarya, yaɓen ya riga ya saki, ka ɓanɓare shi da kanka, ka bar bangon ya sha rana.

Magabata sun san wannan. Shi ya sa suke yaɓe ƙasa da 'yar'uwarta ƙasa, a cuɗa ta da ciyawa da kashin dabbobi a bar ta ta ruɓa, a bi ta da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Masu hali kuma su yi laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Ka dubi Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu cikin shekarun 1830, ko hasumiyar Agadas da aka sake ginawa a 1844, tsawonta mita 27, duk ƙasa ce. A garin Jenne ta ƙasar Mali kuwa, kowace shekara gari ke fitowa kwansu da kwarkwatarsu su sake yaɓe babban masallacinsu. Ginin ƙasa yana daɗewa, sai dai yana son a waiwaye shi duk shekara, kamar yadda gona ke son taki.

Yanzu bari mu zo kan aikin bana. Kada ka fara da yaɓe. Ka fara da sama. In rufin soro ne, ka hau ka share, ka cike tsagu, ka tabbata ruwa na gangarawa zuwa indararo, indararon kuma ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango. In kwano ne, ka shiga ɗaki da tsakar rana ka rufe ƙofa, duk inda ka ga haske ya tsirgo to nan ne yoyonka. Ƙaramin rami, ƙyalle da narkakkiyar kwalta sun ishe shi. Ƙusar kwano mai hula a kan tudun kwano ake buga ta, domin kwarin hanyar ruwa ce. Inda kwano biyu suka haɗu ta gefe, ɗaya ya hau ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi ko biyu, ta tsawo kuma da inci 6 aƙalla. Sa'an nan ka duba ɗaurin katako da bango. Iskar farkon damina ba ta ɗaukar kwano ɗai-ɗai, rufin gaba ɗaya take yayewa, don haka a ɗaure katakon da langa-langa ko waya mai kauri a cusa ta cikin bango sosai. In za ka sake rufi, ka bar leɓen kwanon ya zarce bango da kamar ƙafa 2.

Daga sama sai gindi. Nan ne nake so ka kashe kuɗin simintinka. Ruwan da ke zuba daga rufi yana fantsama yana cin gindin bango, har ka ga ya yi ƙugu. Ka zagaye ɗakin da ɗan dakali na dutse ko marmara, a ɗaure shi da siminti, tsayinsa ƙafa ɗaya da rabi zuwa 2, samansa ya ɗan karkata waje. Ka fitar da lambatu ruwa ya bar tsakar gida. Buhu biyu a gindin bango sun fi maka buhu goma a jikinsa, in dai ra'ayina kake tambaya.

In kuwa ka ce lalle sai ka ga siminti a bangon gabas, to ga yadda ake yi. A kankare duk abin da ya saki, a bar bango ya bushe. A shimfiɗa ragar waya irin ta kejin kaji, a kafe ta da dogayen ƙusoshi, domin ita ce za ta riƙe yaɓen. A yayyafa wa bango ruwa kaɗan. Kwaɓin kada ya yi ƙarfi: awo 1 na siminti, awo 6 na yashi, ko ma fiye kaɗan. Buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwanon sarki kamar sau 2, ka ga buhu guda zai ci kwano 12 na yashi ke nan. Mutane na zaton yawan siminti shi ne ƙarko, alhali a kan ƙasa kwaɓi mai ƙarfi ya fi saurin tsagewa. Ka kwaɓa abin da za ka iya gamawa cikin rabin awa, wanda ya fara daskarewa kuma kada a ƙara masa ruwa a ce za a farfaɗo da shi. Bayan an gama, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Da ruwa siminti ke yin ƙarfi, sai ya kai kwana 28 kafin a ce ya nuna, wanda rana ta busar da wuri kuwa da farce ma sai ka kankare shi. Cikin ɗaki ka bar shi da yaɓen ƙasa da farar ƙasa, bango ya sami ta inda zai fitar da danshi.

Af, yashin ma a gwada shi. Ka zuba a kwalba zuwa rabi, ka cika da ruwa, ka girgiza ka ajiye. In laka mai kauri ta kwanta a saman yashin, a wanke shi ko a sake wuri. Simintin da ya yi gudaji waɗanda ba sa murƙushewa tsakanin yatsu ya riga ya sha danshi, kada ka karɓa ko an rage maka kuɗi.

Maganar kayan aiki kuwa, ba zan faɗi farashi ba, don kafin jaridar nan ta iso ƙauyenku ya canza. Guduma mai bakin cire ƙusa, zarto, tef na awo mai mita 5, cokalin magini, filaya, shebur da kwanon sarki, waɗannan sun isa su tsare maka gida. Guduma da zarto kada ka bi araha, domin araha ba ta ado: gudumar da kanta ke fita daga ƙota ta fi ɓarawo haɗari. Ka riƙe zarton ka ɗan lanƙwasa shi, mai kyau zai miƙe sak da ka saki. Diga da gizago da kurfi kuwa, maƙerin garinku zai ƙera maka daga tsohon sifirin mota, su fi na kanti daɗewa, in sun dakushe kuma ka san inda za ka mayar. Baro da tsani da injin huda mai batir ba kullum ake bukatarsu ba, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku saya. Ƙarfe kuma a goge shi a shafa masa mai bayan aiki, a rataye inda yara ba sa kaiwa.

Akwai kayan aiki uku da ba sa cin ko kwabo. Igiya da ɗan dutse a bakinta za ta nuna maka ko bango ya miƙe ko ya karkata. Siririn tiyo mai gani-har-hanji in ka cika shi da ruwa, ruwan da ke bakinsa biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa, da shi za ka daidaita dakali daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na uku, in kana son kusurwar ɗaki ta fita daidai, ka auna ƙafa 3 a gefe ɗaya, ƙafa 4 a ɗaya gefen, to tsakanin alamun biyu dole ya zama ƙafa 5 cif. In bai kai ba ko ya wuce, ka gyara turakunka. Da wannan lissafi manyan birkiloli ke fitar da harsashi.

Tsani kuma, duk hawan ƙafa 4 gindinsa ya nisanci bango da ƙafa 1, wani ya riƙe maka. A kan kwano ka taka layin ƙusa, nan ne katako yake. Wanda tsohuwar ƙusa ta soke ya wanke ciwon ya tafi asibiti a yi masa allurar rigakafin ciwon nan mai sarƙe haƙora. Abu biyu ne na hana ka taɓawa ko kana da kayan aikin duniya: wayar lantarki, da azarar da ke ɗauke da soro. Waɗannan a kira masu sana'ar.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗan tireda ce a yankin Maraɗi. Ya ce yana so ya gina ɗan gareji manne da shagonsa, ya rufe shi ruf ba taga saboda ɓarayi, ya riƙa ajiye babur da janareta da jarkokin fetur a ciki, yaron shagonsa kuma ya riƙa kwana nan yana gadi. Yana neman shawarar girman da ya dace.

Alhaji, girman ba shi ne damuwata ba, ƙafa 8 da ƙafa 10 ya ishi babur da ɗan teburin gyara. Yaron nan nake ji. Don Allah kada ka haɗa waɗannan abubuwa huɗu a ɗaki ɗaya. Janareta in yana aiki yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Mutum ya ji ciwon kai da jiri da kasala, ya ce bari ya ɗan kwanta, shi ke nan ba ya tashi. Iyalai sukutum sun ƙare ta haka, da safe a fasa ƙofa a tarar da su kamar masu barci. Buɗe taga ba ya wadatarwa. Janareta a waje ake kunna shi, nesa da ƙofa da taga da kamar mita 6, bututun hayaƙin ya juya wa ɗaki baya. In sata kake tsoro, mai walda ya yi maka kejin ƙarfe mai rufin kwano, iska na ratsa shi ta ko'ina, a kafe ƙafafunsa da siminti a sa kwaɗo.

Fetur kuma tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe har ya iske aci-balbal ko garwashin mai shayi. Ka ware masa nasa ɗan ɗaki daban, a inuwa, da ƙofofin iska sama da ƙasa, ba mai kwana ciki. Kada a zuba wa janareta mai yana aiki ko yana da zafi. A ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa, domin wutar fetur in ka watsa mata ruwa yaɗuwa take yi.

Garejin babur shi kaɗai ba laifi ya manne da shago. Ka ɗaga daɓensa da inci 6 bisa tsakar waje, ka yi masa 'yar gangara a ƙofa. Tun simintin daɓen na ɗanye ka binne zoben ƙarfe mai kauri wanda za ka riƙa ɗaure babur da sarƙa. A saman bango ka jera bulo mai huji, ɓarawo ba ya shiga ta nan amma iska na shiga. Yaro kuma ya kwana cikin shago ko a zaure.

To jama'a, lokaci ya ƙure mana. Wasiƙar da ta zo daga Gumel a kan gara da ke cin rumbu da katakon rufi, mun gan ta, ita za mu fara ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, a rubuta sunan gari sosai yadda za a iya karantawa.