Kuɗin Tallafi Da Gidajen Jinyar Namun Daji



Duk wanda ya bi hanyar Ikko zuwa Benin, ko ya shiga kasuwar Epe, ya ga naman daji a rataye, wani lokaci ma ya ga ɗan biri da igiya a ƙugu ana cinikinsa. Abin da ba a gaya wa mai saye shi ne, da wuya a kama ɗan biri ba a harbe uwarsa ba. To, idan ma'aikatan gandun daji suka ƙwace irin wannan maraya, ina za a kai shi, wa kuma zai ci da shi?

A 1991 waɗansu Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, suka kafa gidan jinyar birai a Kalaba, daga baya suka buɗe sansani a gindin dutsen Afi, cikin ƙauyukan ƙasar Boki ta Jihar Kuros Riba. Birin da suka fi kula da shi ana ce masa diril, ba a kuwa samunsa ko'ina sai a Nijeriya da Kamaru da tsibirin Bioko. Daga 'yan marayu ƙalilan, biran nan sun hayayyafa har sun kai ɗaruruwa. Abincinsu daga hannun manoman yankin ake sayensa, masu kiwonsu kuma 'ya'yan ƙauyukan ne.

Irin waɗannan gidaje da kuɗin tallafi suke tafiya, watau gudummawar ƙungiyoyin ƙasashen waje da gidajen zu na Turai da Amurka. A nan gizo ke saƙa. Masu ba da tallafi sun fi son abin da za a ɗauki hotonsa: keji, mota, gini mai allo a ƙofa. Kuɗinsu na shekara ɗaya ne ko biyu, in an yi sa'a uku. Amma gwaggon biri yakan yi shekara 40 a duniya, kuma bai san an rufe shekarar kuɗi ba. Kullum garin Allah ya waye sai ya ci ayabarsa, mai gadi sai ya karɓi albashi, likitan dabbobi sai ya sayi allura. Da annobar korona ta hana baƙi zuwa a 2020, kuɗin ƙofa ya yanke. Da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, a 2025, kowa ya ga yadda rijiyar wani kan ƙafe ba sallama.

Kuma dabbar da ta warke, in babu dajin da ake tsaro, sakinta miƙa ta ne ga maharbi. Mu dubi gida. Yankari, wanda aka keɓe a 1956, ya koma hannun Jihar Bauci a 2006, kuma a 2014 jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar WCS ta Amurka don tafiyar da sintiri. Abin da ya fi burge ni cikin aikin shi ne mutanen ƙauye da aka ɗauka su riƙa sa ido kan giwaye, su ba da labari kafin garke ya shiga gona. Manomin da giwa ta cinye masa dawa ba zai ji wa'azin kowa ba sai an sa shi cikin lissafi.

Saboda haka ra'ayina, ya kamata gwamnatocin jihohi su sa abinci da albashin waɗannan gidaje cikin kasafin kuɗi na shekara-shekara, masu tallafi kuma su ware wani kaso a ajiye shi kamar wakafi, ana cin ribarsa, uwar kuɗi na nan. Mu da muke tara kuɗi a Ikko da Badun mu gina rijiya a garuruwanmu mun sani, rijiyar da ba a tanadar mata kuɗin yasa ba, ba ta daɗewa.

Namu kuma, jama'a, kada mu sayi ɗan biri ko aku don yara su yi wasa. Gardawan da ke zuwa nan da kura da biri 'yan'uwanmu ne, mu ya kamata mu fara yi musu magana.