AMSAR WASIƘUNKU: Shin Lantarki Yana Maganin Mantuwa?

Wani mai sayar da hatsi ya rubuto mana cewa ya ji wai Turawa suna jona wa mutum lantarki a ka don ya daina mantuwa. Yana tambaya, ko gaskiya ne?

To Malam, akwai ƙamshin gaskiya, amma tsaya ka ji.

Ka ɗauka ka kalli tiren ɗan koli, ka kau da kai, aka zare abu guda. In ka waiwayo, za ka gane abin da aka ɗauke? Wannan ɗan riƙon abin da ido ya gani, na 'yan daƙiƙoƙi, shi masana ke aunawa. A 1997 wasu masanan Amurka, Luck da Vogel, suka nuna cewa kimanin abu huɗu kacal mutum ke iya riƙewa a lokaci guda.

Dabarar lantarkin kuwa, wasu likitocin Jamus, Nitsche da Paulus, suka farfaɗo da ita a shekarar 2000. Ba tiyata ake yi ba. Soso biyu ake jiƙawa da ruwan gishiri, a ɗora a ka, a saki wuta 'yar mitsitsiya daga ƙaramin batir, kamar minti 20. Ɗan ƙaiƙayi kawai mutum kan ji, sai jijiyoyin ƙwaƙwalwa na wurin su ƙara saurin amsawa.

A 2019, a Jami'ar Boston, an gwada wani nau'in wutar a kan dattawa 'yan shekara 60 zuwa 76, na minti 25. Wajen tuna hotuna sai suka kamo matasa, har tsawon minti 50 da aka auna su. Amma fa a 2015 masanan Ostareliya sun tattara gwaje-gwaje da yawa, ba su ga tabbataccen amfani a zama guda ga mai lafiya ba. Wato har yanzu bincike ake yi.

Saboda haka, don Allah kada wani ya gwada da wayar gida ko batirin mota. Wutar gida kisa take yi nan take. Wanda kuma ya tallata maka na'urar ƙara basira ranar kasuwa, riƙe kuɗinka. Bashi dai, a rubuta shi. In mantuwar dattijo ta yi tsanani, a kai shi asibiti.

Allah ya kiyaye mu. Sai mun ji daga gare ku.